Mu 'Yan Majalisar Bakin Fili

Na ji an ce ana yi da ni. Labari ya iso mini cewa a wata majalisar masu shayi an sa ni a faifai, wai wane ya lalace: ƙato da shi, furfura ta fara leƙowa ta gefen hula, amma duk yammacin Alhamis da Juma'a sai a hango shi ya saɓa darduma a kafaɗa ya nufi filin firamare, zai je kallon yara masu majina suna bin ƙwallo. Wanda ya kawo mini tsegumin ya rantse ba zai faɗi wanda ya tayar da zancen ba. Da ma bai wahalar da kansa ba, don na gane mai muryar. Wani abokina ne Bazazzagi, kuma kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi ba a ɗaukar fushi. Shi ne ya taɓa tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Bakano, ku fa ba kwa taka ƙafa inda babu riba. Tsakaninka da Allah, me kake sayarwa a filin nan?"

To yau zan ba shi amsa, shi da sauranku masu taɓe baki, kowa ya jira nasa.

Da kai zan fara, Alhaji, mai cewa zubar da girma ne magidanci ya tsaya kallon wasan yara. Ranar Asabar da daddare ina ka ajiye girman naka? An gan ka a gidan kallo. Ka biya kuɗin shiga, ka matsu a benci tsakanin ɗan adaidaita sahu da yaron mai faci, janareta na ruri a bayanka, zufa ta jiƙa maka shadda, kana daka wa wani saurayi tsawa ta cikin talabijin, saurayin da yake can Landan bai ma san akwai wani gari wai shi Kano ba. Ka haddace 'yan wasan Arsenal har na benci. Ka san wanda ya yi targaɗe da makon da zai dawo. Har yau in aka taɓo 2004, shekarar da suka gama gasar Firimiya ba a doke su ba, sai ka gyara zama kamar da kai aka buga. Amma da zan tambaye ka lamba nawa ɗanka yake bugawa, cewa za ka yi, "Au, ƙwallo yake yi?" Yana yi, Alhaji. Lamba biyar ne, kuma shi yake rufa mana asiri a baya. Makon jiya ya tare wata da kai, wadda da ta wuce da mun kwana da takaici. Ya waiwayo yana duba bakin fili, ni na ɗaga masa hannu a madadinka.

Kada ku ɗauka ni ma da son raina na fara. Zuwana na farko kame na je yi. Yaron nawa ya dawo gida sau uku a wata guda da tsinkakken silifas, uwarsa ta ce ita fa ta gaji, in je in janyo shi da kunne. Na isa a fusace na tarar ana tsakiyar wasa, sai wani dattijo a gindin darbejiya ya matsa mini gefen benci ya ce, "Zauna mana, Malam, a bari su je hutun rabin lokaci. Wanne ne naka?" Na nuna. Ya ce, "Au, kai ne baban mai ƙafar hagu? Ai mun daɗe muna tambayar ɗan gidan wa ne." Ashe gidan dattijon nan shi ne na uku daga nawa. Shekara 9 ina unguwar, babur ɗinsa na sani, shi ban san shi ba.

A nan gizo yake saƙar. Mu da muka tashi a cikin ganuwa mun san zaure da dakali. Ba ka isa ka wuce ƙofar gidan mutum ba ku gaisa ba, kuma gaisuwar ba a tsaye take ƙarewa ba. Yanzu mun fito sababbin unguwanni, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, wurin zaure ya koma garejin mota ko shago. Masallaci ya rage mana, alhamdu lillahi, amma ku faɗi gaskiya, hirar me ake yi a can? Da an sallame, "Ina gajiya, yaya iyali, madalla," kowa na laluben takalminsa. Wurin ɗaurin aure hayaniya ce da wawar dabino, wurin makoki kuma ba a sakin baki. Ina ne magidanci zai zauna awa ɗaya da rabi kusa da maƙwabcinsa, ba bashi ya zo nema ba, ba ta'aziyya ba, ba kamfen ba? Ni dai a unguwarmu wuri ɗaya na samu, kuma yara ne suka share mana shi.

Filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ko ƙwayar ciyawa babu sai da damina, ita ma a kusurwa. Turakun raga bututun famfo ne da wani mai walda ya haɗa kyauta, ragar kuwa ta ga jiya ta ga yau. Da toka ake jan layi, in iskar hunturu ta taso sai layin ya koma inda Allah ya so, alƙalin wasa ya riƙa hukunci da kirdado. Kocin saurayi ne mai gyaran waya, ba a biyansa ko sisi, usur ɗinsa na rataye da igiyar takalmi, burinsa kuma bai wuce ya ga yaro ɗaya nasa a gasar kofin Ramat ba, wadda ake yi wa matasa a Kano don tunawa da Janar Murtala. Darbejiya biyu ce a gefen yamma, inda rana ba ta dukan ido. A gindinsu majalisarmu take.

Akwai dattijon da na faɗa, tsohon soja ne, benci nasa ne, muna ce masa Baba Soja. Akwai tela, akwai malamin asibiti, akwai direban tirela da ba ma ganinsa sai wata-wata, ya zo da rake ko lemo gwargwadon inda ya fito. Akwai wani mutumin Maraɗi mai shayi, da wani Ibo mai kemis, haihuwar Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi ta abokina Bazazzagi daɗin ji nesa ba kusa ba. A gindin bishiyar nan muƙami ba ya aiki, yaranmu ne ke raɗa mana suna. Ga Baban Gola, ga Baban Lamba Tara, ga Baban Kyaftin, wanda ɗan garuwa ne, amma in ya buɗe baki kowa na saurare, don ɗansa ne ke ɗaure da ƙyalle a dantse. Wani babban darakta ne a ma'aikata, buɗe masa ƙofar mota ake yi a ofis. A wurinmu sunansa Baban Satar Gida, saboda ɗansa ba ya minti biyar ba a ɗaga masa tuta ba. Ya yi ƙorafi sau biyu, ya ga ba sarki sai Allah, yanzu da kansa yake amsawa.

Da ƙwallo hirar take farawa, amma ba ta daɗewa a can. Kafin ka ankara an koma farashin buhun masara a Dawanau, daga nan taki, daga nan wane likita ne ya iya ciwon suga, wace makaranta ce ta ƙara kuɗi, wa yake neman gidan haya. Taransifomarmu da ta ƙone ta yi wata huɗu a kwance. An kira taro a masallaci sau biyu, mutum shida suka zauna. A bakin fili aka tsara karo-karon, tela ya riƙe littafi, Baban Satar Gida ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Auren ƙanwar matata ma, in kuna son ji, daga nan aka fara jin ƙamshinsa.

Benci kuma da harajinsa. Duk wanda ya zauna sai ya saurari yadda a 1978 Pele ya zo Kaduna tare da ƙungiyar Fluminense ta Birazil, suka kara da Raccah Rovers ta Kano, har aka sa masa babbar riga da hula. Wannan duk gaskiya ne, hotunan suna nan. Abin da ke canzawa shi ne inda Baba Soja ya tsaya ran nan. Bara can sama yake cikin 'yan kallo. Farkon bana ya sauko bakin layi yana gadi. Makon jiya Pele ya miƙa masa hannu sun gaisa. Muna sa rai kafin azumi shi zai ba Pele ƙwallo ya ci.

Kai kuma ɗan boko mai tabarau, na ji naka. Ka ce ɗabi'ar Turawa ce, a finafinan Amurka ka ga iyaye sun jera kujeru a bakin fili suna tafa wa 'ya'yansu, mu kwaikwayo muke. Allah sarki. Tambayi kakarka, in tana raye, wa yake zama a gida in kaka ta yi an kafa dandalin kokawa ko dambe. Gari ne ke fitowa kaf, tsofaffi a gaba, mata a gefe, makaɗa na zuga, uban yaro na tsaye ƙirjinsa na dukan uku-uku, kuma a nan ake ƙulla aure, a sasanta rikicin gona, a ji wa ya dawo daga ci-rani. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su ma yar da abin ba. Tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar kokawa ta ƙasa, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, wanda ya kayar da kowa a miƙa masa takobi, ƙasa ta tsaya cak tana saurare. Ƙwallon ce baƙuwa, wannan na yarda, Turawa suka zo da ita. Zaman bakin fili kuwa gadonsa muka yi. Kai ne dai ka gan shi a fim kafin ka gan shi a garinku.

Ranar da majalisar nan ta biya kuɗin sabulunta ita ce ranar da wata unguwa ta zo mana da wani wai ɗan shekara 12. Gasar 'yan ƙasa da 13 ce. Yaro ya shigo fili, ƙwauri kamar taɓarya, gashin baki ya fara tsiro, da ya kira abokinsa ya ba shi ƙwallo sai da tsuntsaye suka tashi daga darbejiya. Kocinsu ya zaro takardar haihuwa sabuwa fil, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Aka hau musu. Malamin asibiti ya gyara zama ya ce irin wannan ce ta sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara da na'urar MRI, don in ƙashin ya gama haɗewa to mai shi ya wuce wurin. Ya ce tun 2009 aka fara, shekarar da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mutumin Maraɗi da ma jira yake. Ya ajiye buta ya ce, "Ai mun sani. Ku ne kunka ɗauki kofin ga har sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ku. To a 2016, da na'ura ta zubar muku da yara 26 ana gab da wasa, da wa kunka gamu?" Kowa ya yi gum, don mun san amsar. Nijar ce ta fitar da mu, ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017, zuwanta na farko. Ya zuba wa kansa shayi yana murmushi, Ibo mai kemis ya ce masa daga yau ba bashin magani.

Ana cikin haka sai Hajiya mai zoɓo, wadda ke zaune a bayanmu da kularta ba ta ce uffan ba, ta leƙo ta ƙare wa yaron kallo. Ta ce, "Kai, ba kai ne ɗan wance ta bayan gidan mai ba? Yaya babar taka?" Yaro ya durƙusa ya gaishe ta, tarbiyya ta tona masa asiri. Ta juyo ta ce mana, "Ni na yi wa uwarsa wankan jego. A satin da 'Yar'aduwa ya rasu aka yi sunansa, don ko kiɗan ƙwarya ba mu yi ba." Wato Mayun 2010. Kowa ya shiga lissafi da yatsu. Kocinsu ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, yaron ya koma bakin layi ya zama mai ɗaga tuta, kuma wallahi ya iya. Ita na'urar sai an kai yaro babban asibiti an kashe kuɗi, kuma ba a rasa masu musu da sakamakonta. Hajiya kuwa zoɓo kawai muka saye mata har ƙasan kula.

Tun da na ambaci Hajiya, bari in tari numfashin masu cewa, "Ka ce iyalai, ina matan?" Nan kam kuna da 'yar gaskiya. Matan aure a unguwarmu ba sa zuwa su zauna a gindin darbejiya, kuma ban ce su zo ba. Masu zuwa su ne kakanni, da masu sana'a, da 'yan mata ƙanana da ke zuwa taya yayyensu ihu. Amma kada ku ɗauka labarin yana wuce su. Kafin in isa gida mai ɗakina ta san ci nawa aka yi, wa ya ɓarar da fenariti, da abin da na faɗa wa alƙalin wasa wanda bai kamaci mai shekaruna ba. Wankin rigunan wasa bi da bi suke yi, gida-gida, kuma ta hanyar kai rigunan nan da karɓo su ne mata goma sha ɗaya da ba su san juna ba suka kafa adashi. Ranarsu ta fitowa ita ce ranar gasar wasanni ta makaranta, wadda yara ke kira intahaus, inda ake raba su ja da kore da shuɗi da ɗorawa. Ran nan rumfa tasu ce. Su zo da kuloli da laima, su cika wuri da guɗa, mu maza mu raɓe a gefe kamar 'yan rakiya. A irin wannan rana ce aka kira tseren iyaye maza, Shaiɗan ya zuga ni na shiga da babbar riga. Ba zan ba da labarin ba. Ya isa ku sani cewa tela ya ɗinke rigar kyauta, malamin asibiti ya duba gwiwar, kuma har yau in na wuce ta bakin famfo sai in ji wata tsohuwa na cewa, "Sannu da gudu, baban mai hagu."

Allah gafarta Malam, na ga kana gyaran murya. Islamiyya ko? Mun riga ka. Ba banza aka sa wasanninmu Alhamis da Juma'a ba, ranakun da allo ke hutawa. Yaron da ya yi fashin Islamiyya a mako benci zai ɗumama, kuma majalisa ce ta kafa dokar, bayan da muka gano tsoron benci ya fi tsoron dorina aiki. Tashi kuma sai yadda ladan ya ce. Ko kunnen doki ake, ko an ajiye ƙwallo za a buga daga kai sai mai tsaron gida, da an ji kiran magariba an watse. An taɓa ajiye wani fenariti tun daga Juma'a har Alhamis ta zagayo. Gola ya kwana shida yana tunanin ɓangaren da zai faɗa, mai bugu ya zo ya ɗaga ta sama ta faɗa gidan liman.

Sai masu cewa duk kwaɗayi ne, kowa so yake ɗansa ya zama Ahmed Musa ya gina masa bene. Ƙarya zan yi in na ce babu mai wannan buri. Wa zai ga yaron da ya tashi a Jos, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya wuce Holan da Rasha da Ingila, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ƙara wa Aisland biyu a 2018, bai ɗan saci kallon ƙafar ɗansa ba? Sai dai duk inda aka ga mai buri, akwai ɗan damfara a kusa yana lasar baki. Wani mutum ya ɓullo mana da ƙaramar jaka da kati rataye a wuya, Turanci kamar ruwa, wai wakilin wata ƙungiya ne a Turai. Ya bi gidaje bayan isha'i, ɗaya bayan ɗaya, kowane uba ya ce masa ɗanka kaɗai na zaɓa, kada ka gaya wa kowa saboda baki, a haɗo kuɗin fasfo da biza. Da a zaman kowa tasa ta fisshe shi ne, da ya kwashe ya yi gaba. Ranar Alhamis mutum huɗu ne a majalisa kowa na murmushi shi kaɗai kamar wanda ya tsinci dami a kala. Baban Gola ne cikinsa ya kasa riƙewa, ya ce a taya shi da addu'a, yaron zai yi tafiya. Baban Lamba Tara ya ce, "Ina?" Ya faɗa. Ya ce, "Kai ma?" Tela ya cire hula ya dafe kai. Ni dai ban ce komai ba, na sunkuya ina gyara darduma, don ni ne na huɗu. Darakta ya ce dokar FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa buga ƙwallo kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, kuma shi kansa Ahmed Musa da ya samu ƙungiyar VVV-Venlo a 2010 sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata. Namu kuwa 'yan 12. Muka aika wa mutumin ya zo fili ranar Juma'a ya karɓi kuɗin a dunƙule daga hannun Baba Soja. Har yau muna jiransa.

Kada in cika ku da zaƙi ku ce biyana aka yi. Ana gulma a bakin fili, kuma wata takan riga mai ita isa gida. Akwai uban da ke zagin ɗansa a bainar jama'a don ya ɓarar da ƙwallo, har yaron ya riƙa addu'ar kada uban ya zo. Irin wannan gara Alhajin gidan kallo da shi. An taɓa yi wa alƙalin wasa, yaro ɗan sakandare, ca har ya ajiye usur ya tafi yana share hawaye, kuma ina cikin masu ɗaga murya, abin da har yau nake jin kunyarsa. Sai da muka je gidansu mu uku muka ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Amma ku tambayi duk wanda ya san filayen unguwa a garin nan abin da kan faru in an tashi wasa babu babba ko ɗaya a wurin: jifa, gora, wani lokaci har wuƙa, ga masu sayar da ƙwaya na shawagi a bayan raga. Tun da furfura ta jeru a gindin darbejiya waɗancan suka canza hanya. Ba mu kori kowa ba, ba ma mu da ƙarfin korar. Mun dai san uban kowa.

Akwai wasu maƙwabta biyu da ba zan kwatanta su sosai ba, don suna karanta wannan shafi. Shekara 3 ba sa ga-maciji saboda kwata, wannan ya ce ruwan gidan wancan na cin gindin katangarsa. Mai unguwa ya shiga, liman ya shiga, abu ya gagara, har ta kai in ɗaya ya tsaya a dama cikin sahu, ɗayan sai ya koma hagu. Allah da ikonsa ɗan wannan ne lamba goma, ɗan wancan lamba bakwai, kuma yaran ko a jikinsu, tare suke zuwa tare suke komawa. Iyayen kan zo, ɗaya ya zauna a darbejiyar kudu ɗaya a ta arewa, mu muna tsakiya muna kai gwauro muna kai mari da gaisuwa. Ranar wasan kusa da na ƙarshe ana canjaras, rana ta yi ja, ladan ya fara taɓa lasifika ana jin ƙwas-ƙwas. Lamba goma ya yanke mutum biyu, ya ɗaga kai, ya zura ta tsakanin 'yan baya, lamba bakwai ya sa mata tsinin ƙafa ta shige. Wuri ya kaure. Da ƙura ta lafa sai ga mutanen nan biyu a tsakiyar fili rungume da juna suna tsalle, hular ɗaya a ƙasa, ɗayan da takalmi ƙafa ɗaya. Sun ɗan jima a haka kafin kowa ya tuna wa ya rungumo. Suka saki juna, kowa ya kakkaɓe riga. Ɗaya ya ce, yana kallon gefe, "Yaron naka ya iya ba da ƙwallo." Ɗayan ya ce, "Naka ma ya iya ci." Baba Soja ya ɗaga murya daga kan benci ya ce, "To tun da duk an iya, gobe da safe a sayo siminti buhu ɗaya a gyara kwatar nan." Ba zan ce muku sun zama aminai ba. Sun dai raba kuɗin simintin, kuma yanzu bishiya ɗaya suke zama, ko da yake da mutum biyu a tsakani.

Saura kai, Bazazzagi. Ka ce Bakano ba ya zuwa inda babu riba, kuma ban musa ba, don kai ma cinikinka ya kusa faɗawa. Na ga ɗanka na biyu ran nan a bayan raga yana tsinto wa yara ƙwallo, koci kuma ya ce yana da tsawon gola. Alhamis ne, ƙarfe huɗu da rabi. Ka zo da dardumarka, don benci na dattawa ne, ka kuma taho da naira 500 ta karo-karon sabuwar ƙwallo, tsohuwar ta sha ɗinki har ta koma kamar kabewa. Za ka saurari labarin Pele tun daga farko, babu ragi. Batun suna kuma kada ya dame ka, majalisa ta riga ta zauna a kai. In yaron ya kama, kai ne Baban Gola na Biyu. In kuwa ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, tela ya ce yana da wani suna a ajiye, amma ba zai faɗa ba sai ka shimfiɗa darduma.